Hoton waya ya isa hujja idan an yi hatsarin mota?

Malam, tambayarka ita ce ko hoton waya zai isa a gane yadda hatsari ya faru. Eh zai isa, in dai an ɗauka kafin a matsar da motocin, amma fa sai an kwashe masu rauni tukuna. Fara daga nesa yadda titin zai fito gaba ɗaya da kwana da allon hanya, ka zagaya ta kowane gefe, sannan ka matso inda motocin suka haɗu, sai na kusa-kusa, lamba da tayoyi da gilashin da ya zube a kwalta. Kar ka janyo hoton da yatsa, taka da ƙafarka ka matsa, kuma ka shimfiɗa tef ɗin awo a gefen abin don a san girmansa.

Abin da na fi jin tsoron ka manta shi ne sawun birki, don da tsawonsa ake ƙiyasta gudun mota. Bara ƙanina ya yi karo kusa da Alkaleri a hanyar Gombe, ya ɗauki hoto kusan 20 duk na lotsewar bodi, ko ɗaya babu na sawun taya, kafin gari ya waye ruwan sama da tireloli sun shafe shi, wallahi da ƙyar aka yarda da maganarsa. Ka ɗauki hoton sawun birkin daga inda ya fara har inda ya ƙare. Sannan ka bar hotunan na asali a wayar, kar ka gyara komai, don WhatsApp yana matse hoto ya cire rana da lokacin da aka ɗauka in ba a matsayin fayil ka tura ba.