Na ba su magani tun ranar farko, me ya sa Gumboro ta kwashe su?

Tambaya: Likita, ina kiwon brola a Bukuru. Ranar da ƴan tsakina 300 suka iso, mai shagon da nake sayen abinci ya ce in zuba musu antibayotik a ruwa kwana bakwai, wai a wanke musu ciki. Na yi, na kuma ba su rigakafin cutar Gumboro da Lasota, wato rigakafin cutar Niyukasil, a kan lokaci. A mako na huɗu sai ga farin zawo, duk sun takure, sama da 60 suka mutu. Rigakafin ne jabu ko laifina ne? Kuɗin adashi na zuba.

Amsa: Hajiya, Allah ya mayar da alheri. Rigakafi kan lalace idan ya sha zafi a hanya, ko aka dama shi da ruwan famfo mai kilorin, ki duba wannan. Amma abin da ya tsaya mini a rai shi ne wankin cikin nan, don kusan kullum sai na ji shi.

Me za a wanke? Ɗan tsako yana fitowa daga ƙwai hanjinsa kusan wayam. Na gida yana bin uwarsa yana tsattsagar kashinta, a nan yake gadon bakteriya masu amfani irin su Laktobasilus. Na injin ƙyanƙyasa bai taɓa ganin uwa ba, ɗan abin da ya tsinta a kwanakin farko shi ne jarinsa. Su waɗannan bakteriya ne ke tayar da garkuwar jiki daga barci. Bursa, ƴar jakar nan da ke saman dubura, tana zuƙo abin da ke ƙarshen hanji, kuma a cikinta ƙwayoyin B masu ƙera garkuwa suke girma. A makafin hanji biyu kuwa, wato ƴan jakunkunan nan da ke kusa da ƙarshen hanji, bakteriya na narkar da dusar abinci su fitar da sinadarin butiret, wanda ke ciyar da bangon hanji ya kuma kwantar da kumburi. Tun 1973 Nurmi da Rantala suka nuna a Finlan cewa ɗan tsakon da aka ɗura wa abin cikin hanjin babbar kaza lafiyayya, Salmonela ba ta samun wurin zama a cikinsa.

To ke kuma kwana bakwai kina kashe waɗannan bakteriya masu amfani da antibayotik. Rigakafi ya zo ya tarar da garkuwar da ba ta gama farkawa ba, amsar da jiki zai bayar tana iya yin rauni. Ita Gumboro bairos ce, ko buhu guda na antibayotik kika zuba ba zai taɓa ta ba, kuma bursar nan take kai wa hari.

Abin haushi, mai shago ba ya ganin gawa, ciniki yake gani. Yau kafso ja da yalo, gobe enrofuloksasin, duk antibayotik ne, ranar da kazar ta kamu da ciwon gaske magani ya daina ci. Tarayyar Turai ta hana zuba antibayotik a abincin dabbobi don ƙiba tun 2006, mu kuwa a kan kanta ake auna shi kamar gishiri.

Zubi na gaba, ki mayar da hankali kan ɗumi, kin san sanyin Jos da dare, da busasshiyar shimfiɗa da ruwa mai tsabta. Idan kina so, ki ƙara furobayotik, wato bakteriya masu amfani da ake zuba musu a ruwa ko abinci. Waɗanda suka mutu yau kuma kada ki jefar, ki sa biyu ko uku a leda da ƙanƙara ki kai cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom a buɗe a duba bursar.