Ina Kabon Ɗin Ya Tafi?

Tambaya: Malam, muna sayen garin ƙarfe mara tsatsa lamba 420, mu matse shi a mazubi, mu gasa a tanderu har ya haɗe. Takardar mai sayar da garin ta ce kabon kashi 0.3 cikin ɗari ne, amma kayanmu sun ƙi yin tauri. Cutar mu aka yi? Mu sauya mai sayarwa?

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka yi saurin ɗora wa mai sayar da garin laifi. Koma kan takardar, ka nemi layin da mutane ba su cika dubawa ba, wato na oksijin. Kowace ƙwayar garin nan tana sanye da wata siririyar fata ta kuromiyam da oksijin, ita ce ma ke hana ƙarfen tsatsa. Idan tanderu ya haura digiri 1,200 a ma'aunin Salshiyas, kabon da ke cikin ƙwayar sai ya kama oksijin ɗin fatar, su zama iska, su fice tare. Lissafin a fili yake: giram 12 na kabon yana tafiya da giram 16 na oksijin. Ke nan gari mai oksijin kashi 0.2 zai iya cinye maka kabon har kashi 0.15. Rabin abin da ka saya ya bi iska, kuma ba tare da kabon ba 420 ba ya tauri ko sau nawa ka tsoma shi a mai.

Garin da aka fasa da feshin ruwa ya fi ɗaukar oksijin. Wanda aka fasa da iskar gas ya fi tsabta, sai dai ƙwayoyinsa mulmulallu ne, ba sa riƙe juna a mazubi, kana ɗaga abin ya ruguje a hannunka. Tunda matsewa kuke yi, ina ba ka shawara ka tsaya a kan na ruwa, ka zaɓi mai ƙarancin oksijin, ka gauraya masa ɗan garin girafayit, wanda shi ma kabon ne, domin cike giɓin. Nawa za ka sa? Gwaji ne zai gaya maka. Ka aika samfur ɗakin gwaji a auna kabon kafin gashi da bayansa.

Sannan ka dubi iskar tanderunka. Haidurojin mai laima yana zuƙe kabon, don haka sai busasshe ƙwarai, wanda raɓarsa ba ta sauka sai sanyi ya kai digiri 40 ƙasa da sifili. Na'urar auna laimar nan ta fi maka sabon mai sayarwa amfani. In kuma tanderun mai zuƙe iska ne, ka bar 'yar iskar agon a ciki, domin kuromiyam na tashi ya zama tururi a wannan zafin. Naitirojin yana da araha, amma yana haɗuwa da kuromiyam ya buɗe wa tsatsa ƙofa.

Tambaya: Ni maƙerin wuƙaƙe ne. Na ƙona ƙarfe mara tsatsa lamba 440C, na tsoma a mai, amma magagari yana cin bayansa. Jabu aka sayar mini?

Amsa: Malam maƙeri, wasa wani ɗan gefe ka shiga ciki kaɗan, ka sake goga magagarin. In ya zame yana ƙara kamar a kan gilashi, ƙarfenka na gaske ne, fatar waje ce kawai ta rasa kabon. 440C yana son zafi tsakanin digiri 1,010 da 1,065, kuma yana daɗewa a wuta, iska tana ta lasar samansa. Sayi fallen ƙarfe na naɗi, ka rufe ruwan wuƙar kamar wasiƙa, ka ninke bakin sau biyu. Falle mai lamba 321 ya ishe ka a wannan zafin, 309 na wanda zai haura 1,100 ne. Kuma kada ka fitar da kaifi kafin wuta, ka bar kaurin da za ka wasa daga baya.

Tambaya: Mu garin ƙarfe mara tsatsa lamba 316L muke gasawa. Mu ma mu ƙara girafayit?

Amsa: A'a, ko kaɗan. Harafin L na nufin kabon bai wuce kashi 0.03 ba. A wannan ƙarfen, kabon yana kama kuromiyam tsakanin digiri 425 da 870 ya jawo tsatsa, saboda haka fitarsa riba ce gare ku. Abin da za ku sa wa ido shi ne man santsin da aka gauraya da garin domin matsewa: ku tabbata ya ƙone ya fita sarai tun a ƙaramin zafi, kada ya bar muku toka mai kabon a ciki.