Kajina sun mutu, me ya sa murar ba ta kama mu ba?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Ina kiwon kaji a gida, bara ciwo ya shigo cikin kwana uku ya kwashe min kusan duka, aka ce murar tsuntsaye ce. Ni da yara muke sharar kejin amma ko tari babu wanda ya yi. Wai ba ta kama mutum ne?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya mayar miki da alheri. Tana kamawa, sai dai da ƙyar, kuma dalilin yana cikin ƙwayoyin halittar ita ƙwayar cutar.

Kin ga ƙwayar mura guntaye 8 ne a cikinta. Ɗaya shi ke ƙera wani abu a bayanta da ake kira HA, wanda kamar makulli yake, to makullin H5N1, wato wani nau'in murar tsuntsaye, ya dace da ƙofar da ke cikin hanjin tsuntsu ne, shi ya sa kashin kaji ke cike da ita, amma ƙofofin hancinmu da maƙogwaro wani iri ne daban, sai can ƙasan huhu ake samun irin tata. Idan ta kai can kuwa ciwon ya kan yi muni sosai. A Hong Kong a 1997 mutum 18 suka kamu, 6 suka rasu.

Sai kuma wani guntun mai suna PB2, wanda ke ƙera wani sashe na injin da ke hayayyafar da ita. Ya saba da zafin jikin kaza wajen digiri 41, hancin mutum kuwa 33 ne. Canji ɗaya tak a wuri na 627 cikin jerin tubalan da suka gina PB2 ya kan sa injin ya yi aiki a jikinmu, kuma an sha ganin wannan canjin a mutanen da suka kamu.

Abin da ya fi damuna shi ne musayar guntaye. In mura iri biyu suka haɗu a jiki ɗaya, musamman alade da yake da ƙofofin duka biyu, sai su cakuɗa su fito da sabuwa, haka annobar murar aladu ta 2009 ta samo asali. Tun 2006 H5N1 ta ɓulla a wata gona a jihar Kaduna, a 2007 ta kashe wata mata a Legas, a 2024 ga ta a nonon shanu a Amurka.

Don Allah in kaza ta fara kumburin kai, tukkunta ya yi shuɗi-shuɗi, kar a yi saurin yankawa a fige, wajen figar nan ne ake shaƙarta. A kira likitan dabbobi, a binne mushen da zurfi, yara kuma su bar sharar kejin.