Tambaya da Amsa: Dutsen kwats a saman kantar kicin

Assalamu alaikum Anti, dan Allah ki raba mu gardama. Muna gab da gama gini saura kicin, maigida ya ce giranit za a sa tunda shi kowa ya sani, ni kuma na ga wani fari tas a gidan ƙawata ta ce min sunansa kwats, na je kasuwa wani ya ce dutse ne daga ƙasa wani ya ce roba ce kawai. Wanne ne gaskiya kuma wanne ya fi?
Uwargida daga Kaduna

Wa alaikumus salam uwargida. Duk su biyun kowa ya faɗi ɓangare ne. Shi kwats ɗin da ake sayarwa ba fasa shi ake yi daga jikin dutse a yanko kamar giranit ba, niƙa dutsen ake yi ya zama gari da tsakuwa, wajen kashi 90 zuwa 93 cikin ɗari, sai a kwaɓa da wani danƙo mai kama da roba da ake ce wa rezin, a zuba kala, a matse a inji a cire iskar da ke ciki sannan a gasa. Kamfanin Breton na Italiya ne ya fito da fasahar, kuma manyan sunaye irinsu Caesarstone na Isra'ila da Silestone na Sifen duk a kanta suka tashi, yanzu kuma Sin da Indiya na yin shi da yawa.

Amfaninsa babba shi ne ba ya shan ruwa, ba shi da ƴan ƙananan ramukan nan da giranit ke da su wanda dole lokaci-lokaci sai an shafa masa maganin toshewa in ba haka ba mai ya shige ya zauna. Ga tauri, a ma'aunin taurin duwatsu kwats yana kan 7 ita kuwa marmara, wato mabul, tana wajen 3, kuma marmara lemon tsami ko ruwan tsamiya kaɗai ya isa ya cinye mata ƙyalli. To amma fa maigidan naki bai yi kuskure ba ta wani gefen, giranit ya fi jure zafi da rana nesa ba kusa ba. Ni dai in kicin ɗin cikin gida yake da gas kike girki, kwats zan ce. In kuma irin kicin ɗin tsakar gida ne da rana ke dukansa ga gawayi ga itace, ki bar masa giranit ɗinsa ku zauna lafiya, dan rana tana sa rezin ɗin ya koɗe fari ya koma ɗorawa-ɗorawa.

Anti barka da aiki, ni amarya ce za a haɗa min kicin, raina ya biya da farin kwats mai zanen jijiyoyin nan amma Mamana ta ce wai manja zai gama da shi a wata ɗaya, in ɗauki baƙi. Ya kika gani?
Ƴarki daga Kano

Ƴata Allah ya sanya alheri ya kawo zuri'a ɗayyiba. Mama ta yi gaskiya a kan fari amma baƙin ma ba mafita ba ne, ki bari lokacin hunturu ya zo ki gani, baƙi mai sheƙi in kin goge da safe kafin azahar za ki iya rubuta sunanki da yatsa a kansa, ga shatin hannu ga farin tabon da ruwan rijiya ko na bohol ke bari in ya bushe. Shi kuma farin ba wai yana shanye manja ba ne, sai dai duk abin da ya ɗiga ana gani, kuma kurkum da zoɓo da lalle da baƙin shayi in suka kwana a kai suna barin alama a sama wadda sai an sha wahala take fita. Wanda ya fi rufin asiri a kicin ɗinmu shi ne ruwan toka ko ruwan madara ko mai ɗigo-ɗigo ɗin nan, ba ya tona ƙura ba ya tona miya.

In dai farin kike so kuma ba za ki iya haƙura ba, ki saya abinki, amma ki yi abu ɗaya kafin a biya kuɗi. Ki sa a karɓo miki ɗan guntun da ya rage a wurin mai yanka, ki ɗiga masa manja a gefe, kwaɓaɓɓen kurkum a gefe, zoɓo a gefe, ki bar shi ya kwana da safe ki wanke da sabulu, abin da kika gani a guntun nan shi za ki gani a kicin ɗinki, dan ba duk kwats ne ɗaya ba akwai wanda aka yi wa haɗi mai kyau akwai na arha. Sannan a juya a dubi bakin fallen, wani zanen jijiyoyin a sama kawai yake in an yanka wurin sinki sai ki ga gefen fari fat babu komai. Kuma kar ki zaɓa daga hoton waya ko ɗan samfur, a je a ga fallen gaba ɗaya, in biyu za a saya su zama haɗi ɗaya dan kar kala ta bambanta a wurin da aka haɗa su. Kauri kuwa akwai mai santimita 2 akwai mai 3, mai 2 ɗin ya isa in dai kafinta ya yi masa mazauni mai kyau a ƙasa.

Salam Anti, na sauke tukunyar tuwo na ɗora a kan kwats ɗina da na ɗaga sai na ga zobe ruwan ƙasa, yarinyar da ke taya ni aiki ta zuba masa bilic ta dirje da soson ƙarfe yanzu wurin ya dusashe ma. Akwai gyara?
Maman ƴan biyu, Abuja

Ayya sannu maman ƴan biyu. Zoben nan ba datti ba ne balle ya wanku, ƙonewa ce, dutsen da ke ciki ba ya jin komai amma danƙon da ya riƙe shi daga wajen digiri 150 yake fara lalacewa, kuma gindin tukunyar da aka sauke daga wuta yanzu yana iya wuce haka, wani lokacin ma tsagewa yake yi in zafin ya zo masa farat ɗaya. In ƙunar ba ta yi zurfi ba masu aikin dutse na iya goge wurin da inji ya ɗan rage, amma kar su yi miki alƙawarin zai dawo sabo. Daga yau ki ajiye ɗan katako ko faifai kusa da murhu, tukunya da kasko da tiren oben duk a kansa za a sauke.

Wanki kuwa ruwan ɗumi ne da sabulun ruwa na wanke-wanke da tsumma mai laushi, shikenan. Bilic mai ƙarfi da tina da maganin wanke oben da mai cire jan farce duk ki nisanta su, har ruwan kanwa kar a bari ya jima a kai. In tabo ya ƙi fita ki kwaɓa bekin soda da ruwa ki shafa ki ba shi ƴan mintuna ki goge a hankali. Yanka a kan katako, dan wuƙarki ce ma za ta fara dakushewa, kuma dan Allah ɗan turmin dakan tafarnuwa da citta a ƙasa ake ajiye shi, bakin kantar da gefen sinki su ne ke saurin ɓantarewa.

Hajiya ina wuni, ni yaron shago ne muna yanka tayil da giranit da kwats, ogana ya ce ƙurar ba ta komai in sha madara bayan aiki, amma kwana biyu ina tari. Gaskiya ne?
Wani matashi daga Kano

Ɗana lafiya lau, kuma madara ba ta zuwa huhu ciki take tafiya. Ƙurar kwats ta fi ta giranit da marmara haɗari saboda kusan dukkansa sinadarin silika ne, in ana yanka shi a bushe ƙurar na shiga can cikin huhu ta zauna ta yi tabo, cutar ana ce mata silikosis, ba ta da magani, tana kuma sa tarin fuka ya yi saurin kama mutum. Matasa ƴan shekara talatin da wani abu ta kwantar a Ostireliya har gwamnatin ƙasar ta hana sarrafa irin wannan dutsen da sayar da shi daga 1 ga Yulin 2024. Masu gida kar ku tsorata, wanda aka riga aka shimfiɗa a kicin ba ya cutarwa, yanka da gogewa ne matsalar, shi ya sa kar ku yarda a zo a yanka muku a bushe cikin gida yara na zirga-zirga.

Kai kuma ka faɗa wa oganka cikin ladabi a riƙa yanka da ruwa na zuba a kan faifan injin, a daina share ƙurar da tsintsiya a bushe a jiƙa ta tukuna, a sayo muku takunkumi na gaske mai matata ba ƙyallen da ake ɗaurawa a hanci ba, kuma ka canza kayan aiki a shago kar ka kai su ɗaki. Tarin nan kar ka tsaya a kemis, ka je asibiti a ɗauki hoton ƙirjinka, ka gaya wa likita irin aikin da kake yi da tsawon lokacin da ka ɗauka kana yi.