Wane Irin Bandaki Ya Dace da Ƙaramin Jirgin Ruwa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na sayi ƙaramin jirgin ruwa mai inji ina ɗaukar masu yawon shaƙatawa a Ada Foah, inda kogin Volta yake shiga teku. Jirgin yana cin mutum takwas, muna kuma wuni a kan ruwa, amma babu wurin zagayawa, mata da dattawa suna shan wuya. Wane irin bandaki zan sa, kuma ina zan riƙa kai ƙazantar? Daga wani Alhaji a Nima, Accra.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji, Allah ya sa albarka a sana'ar. Kafin a kai ga zaɓi, a cire batun sakin ƙazanta a cikin kogi. Mutanen bakin Volta suna kamun kifi da wanki da wanka a ruwan nan, cutar tsargiya tana yaɗuwa ne idan fitsari ko bayan gidan mai ɗauke da ita ya shiga ruwan daɗi, kuma Accra ba ta manta da kwalarar 2014 ba. Ko manyan jiragen teku, yarjejeniyar duniya ta hana gurɓata teku, wato MARPOL, ba ta yarda su zubar da ɗanyar ƙazanta ba sai sun yi nisan fiye da mil 12 daga gaɓa.

Masu sayar da kaya za su iya tallata maka busasshen bandaki, wanda ke raba fitsari da bayan gida ana barbaɗa masa garin katako. Bai dace da mu ba, domin mu da ruwa muke tsarki, shi kuwa da zarar ya jiƙe sai wari.

Butar tsarkin nan ita ce ya kamata ta jagoranci lissafinka, abin da littafin kamfani ba kasafai yake la'akari da shi ba. Idan kowane fasinja ya zagaya sau biyu, kowane zagaye ya ci lita 2 tsakanin tsarki da kora, lita 32 ke nan a wuni guda, alhali tankin bandakin tafi-da-gidanka, wato ƙaramin bandakin da ake ɗauka a hannu mai tankin da ake cirewa, ba ya cika wuce lita 20. Duk da haka shi nake ba ka shawara, amma ka haɗa da tankin canji na biyu, ka kuma ɗaure shi tamau a daɓen jirgi, saboda cikakken tanki ya haura kilo 20 kuma igiyar bakin teku ba ta da wasa.

Bandaki mai famfon hannu da kafaffen tanki ya fi daɗin amfani, sai dai hidimarsa ta fi yawa. Tankin yana son zama ƙasa-ƙasa a tsakiyar jirgi don kada nauyi ya karkata shi, yana buƙatar bututun iska mai faɗi wanda ya fita waje, domin rashin iska ne ke tayar da ɗoyi, sannan tiyo mai arha yana shan wari har ya riƙa fitar da shi ta jikinsa. Idan da ruwan gishiri ake korawa, yana haɗuwa da fitsari ya yi wani farin ɓawo mai tauri a cikin tiyo, sannu a hankali ya toshe shi. Kada ka kashe wannan kuɗin sai ka sami mai motar kwasar masai da ya amince zai riƙa zuwa inda kake ɗaure jirgi.

Tankin tafi-da-gidanka kuwa, a masai na tudu ake juye shi kowace yamma, a ɗauraye, a zuba masa maganinsa. Ka kuma tuntuɓi Hukumar Kula da Harkokin Jiragen Ruwa ta Ghana kan sharuɗɗan jirgin da ke ɗaukar fasinja kafin ka huda jikin jirginka.