Amsa ga Hajiyar da ɗanta ba ya taɓa littafi sai jarrabawa ta matso

Hajiya, sannu da ƙoƙari. Kin ce yaronki ɗan shekara 15, yana SS1 a nan Jos, kullum yana kan waya, littattafan da kika saya masa kuma ƙura ta rufe su. Kafin ki ƙara kashe ko sisi, ki lura da abin da yake dubawa a wayar. Yaron da ke bin labarin cinikin 'yan wasan Firimiya har sha ɗayan dare yana karatu. Littafin da aka zaɓa masa ne bai kwanta masa ba.

Don haka zaɓi ya koma hannunsa. Ki ware kuɗin littafi biyu, ku je wajen masu baza tsofaffin littattafai a kewayen Terminus, ki ja gefe. Ko tarihin ɗan ƙwallo ya ɗauko, ko labarin 'yan fashi, ko mai zane-zane, ki biya, kada ya ga kin yatsina fuska. Abu ɗaya kawai za ki sa ya yi tukuna: ya buɗe tsakiyar littafin ya karanta shafi guda, yana lanƙwasa yatsa a kan duk kalmar da bai sani ba. In yatsu biyar suka ƙare shafin bai ƙare ba, littafin ya fi ƙarfinsa a yanzu, a mayar. Da yawa daga cikin yaran da ake cewa ba sa son karatu a nan suka maƙale: Turancin ya yi nauyi, labarin ba ya tafiya, kunya kuma ta hana su faɗa. In haka ne, a fara da na Hausa, ko da jaridar Aminiya ce. Sabon da ya yi na zama da rubutu ba zai gudu ba in ya koma Turanci.

Sai lokaci. Minti 20 bayan sallar Isha ya isa, wayoyi duka suna caji a falo, har da taki da ta Alhaji. In ke kina latse-latse shi an ce ya riƙe littafi, horo zai ɗauke shi. A tanadi fitila mai caji saboda ɗauke wuta. Hutun Disamba ya fi dacewa da farawa, tunda sanyin Jos ya riga ya kora kowa ɗaki da wuri.

Wata dabara kuma, ki karanta masa da ƙannensa babin farko a bayyane, ki tsaya daidai inda labari ya ɗau zafi, ki ajiye littafin a kan kujera ki shiga kicin. Kada ki ce ya ɗauka.

Abin da ya fi kashe sha'awar shi ne tambayoyi irin na aji. "Me ka koya?" jarrabawa ce ta shigo gida. Gara ki ce, "Wai mutumin nan an kama shi kuwa?" Littafin da JAMB ke sanyawa a darasin Turanci da na adabin WAEC kada a lissafa su a nan, aikin makaranta ne. Ba shi ladan kuɗi a kan kowane littafin da ya karanta ma ban goyi baya ba, domin zai nemi mafi siranta ya tsallake shafuka. In kuma ya kai shafi 30 bai ji daɗi ba, ya ajiye ya ɗauki wani, ba laifi.

In yana kawo littafi dab da fuska, ko yana kukan ciwon kai bayan ɗan karatu, a kai shi a duba idonsa kafin a kira shi malalaci. Labaran Hausa da ke yawo a WhatsApp da manhajar karanta labarai ta Wattpad kuwa akwai masu kyau, akwai masu batsa tsagwaronta, kuma ba a farko take fitowa ba. Ki leƙa babi biyu uku daga tsakiya da kanki kafin ki bar masa.