Zaman Tsofaffi da Masu Jinyarsu a Garwa: Amsa ga Ɗana na Kano

Assalamu alaikum. Ɗana, saƙonka ya iso, kuma na gane dalilin tambayar. Kun ji cewa kawunka ya ajiye aiki, ƙafa ta fara yi masa nauyi, shi ne kuke son sanin yadda dattawa suke cinye yininsu a nan Garwa ta ƙasar Kamaru, da ko akwai hukumar da take tallafa musu ko take waiwayar masu kula da su, domin ku san ko za ku matsa masa ya tattaro ya dawo Kano. Zan ba ka amsa a kan Hausawan wannan gari, waɗanda kakanninsu fatauci da almajiranci suka kawo su bakin kogin Binuwai, suka zauna a ƙarƙashin Lamiɗo, har jikokinsu suka tashi da Fulatanci a kasuwa, Faransanci a makaranta, Hausa kuma a cikin gida.

Ka fara sanin cewa mafi yawan dattawanmu ba su taɓa yin ritaya irin ta ofis ba. Mahauci da dillalin shanu da tela da mai kilishi da direban babbar mota ba su da ranar ajiye aiki. Suna rage zuwa ne sannu a hankali, har wata rana a lura cewa ɗan ne yake yanka ko yake ɗinki, uban kuwa yana zaune a gefe yana amsa gaisuwa. Masu fansho su ne waɗanda suka yi aikin gwamnati ko na manyan kamfanoni, irin su SODECOTON, kamfanin audugar da hedikwatarsa take nan Garwa tun kafuwarsa a 1974, da masaƙar CICAM. Kawunka yana cikin wannan ƙaramin rukuni, saboda haka bari in yi maka bayaninsa dalla-dalla, tunda tsarin ya bambanta da naku, inda kowane ma'aikaci yake da asusunsa a hannun kamfanin fansho a ƙarƙashin PenCom, hukumar fansho ta Najeriya.

A Kamaru, ma'aikacin gwamnati daga baitulmali ake biyansa fansho, kuma tun dokar da aka sa wa hannu a ƙarshen Disamba 2020 manyan ma'aikata suna ajiye aiki a shekara 60, ƙanana a shekara 55. Ma'aikacin kamfani kuwa yana ƙarƙashin CNPS, asusun inshorar ma'aikata na ƙasa da aka kafa a 1967, wanda ake zuba wa kashi 4.2 cikin 100 na albashin mutum, mai kamfani shi ma ya zuba daidai wannan. Domin ya sami fansho na dindindin sai ya kai shekara 60, ya cika shekara 20 da rajista, kuma an zuba masa na wata 180, wato shekara 15. Idan ya cika waɗannan, za a ba shi kashi 30 cikin 100 na matsakaicin albashinsa na shekarun ƙarshe, a ƙara masa kashi 1 a kan kowace shekarar da ta haura 15 ɗin. Wanda bai kai wata 180 ba, dunƙule ake ba shi sau ɗaya a sallame shi. Tun 2014 an buɗe ƙofa ga 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu su riƙa zuba wa kansu, amma a ganina mutanenmu ba su shiga sosai ba, domin Bahaushe ya fi yarda da sa a turke da ƙofar shago a kasuwa a kan alkawarin da sai bayan shekaru za a cika shi. Ban ga laifinsu gaba ɗaya ba. Waɗanda suke tsofaffi yau sun ga yadda aka zaftare albashin ma'aikata har sau biyu a 1993, sannan aka karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994, kuma wanda ya ga wannan da idonsa ba ya saurin amincewa da takarda.

Sai dai takardar ce take hukunci a nan, fiye da yadda kuka saba. Dattijon da aka haifa a gida ba a yi masa takardar haihuwa ba sai ya je kotu an yi masa madadinta kafin a taɓa fayil ɗinsa. Wani sai ya zo karɓa ya tarar cewa wani wurin da ya yi wa aiki da ƙuruciya yana cire masa kuɗin amma bai kai ba. Lokaci-lokaci kuma sai ɗan fansho ya tabbatar wa hukuma cewa yana raye, kuma wannan kaɗai ya isa ku yi tunani sau biyu kafin ku ɗauke kawunka zuwa wata ƙasa. Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne na mata. Idan ɗan fansho ya rasu, rabin fanshonsa na matarsa ne, in suna da yawa su raba a tsakaninsu, amma auren da hukuma ta sani shi ne wanda aka rubuta a ofishin magajin gari, alhali yawancinmu a masallaci ko a zaure aka ɗaura, aka raba goro aka watse. Mace sai ta shekara arba'in a ɗakinta, ranar da za ta nemi haƙƙinta a tambaye ta shaidar da ba ta taɓa jin sunanta ba. Idan za ka yi wa kawunka tambaya ɗaya ta waya, ka tambaye shi ko aurensa yana da wannan takarda.

Game da yadda suke cinye yini, ba za ka ji abin da zai ba ka mamaki ba, sai dai zafin garin ne yake tsara komai. A watannin Maris da Afrilu ma'aunin zafi yana haura digiri 40, saboda haka rayuwar dattijo tana tsakanin asuba da hantsi, sannan daga la'asar zuwa dare. Bayan asuba wasu suna zama ɗaukar karatu a zauren malami, kuma na ga mutanen da suka bar littafi tun suna samari sun koma sun ɗora daga inda suka tsaya, bayan shekara talatin a ofis. Da hantsi sai majalisa a inuwar darbejiya ko a rumfar shagon wani ɗa ko ƙane, a kafa tukunyar shayi, a buɗe rediyo. Da BBC da DW da RFI duk ana sauraron sashensu na Hausa, kuma za ka tarar da tsohon da bai taɓa taka Kano ba yana musu a kan siyasarku kamar a Fagge aka yanke masa cibiya. Masu dara da ludo suna da nasu gefen. 'Yan ɗariƙa suna da wazifa da zikirin Juma'a, da azumi kuma tafsiri ya cika yammaci.

Ba hira kaɗai ake yi a wannan zama ba, kuma wannan ne nake so ka auna da kyau. A majalisa ake sanin wanda bai fito ba yau, a tura yaro ya dubo shi. A nan ake haɗa kuɗin magani, a sasanta ma'aurata, a zaɓi waɗanda za su je neman aure, a shirya wanda zai raka wani gaban mai unguwa ko fada. Mu da muke zaune nesa da tushenmu, danginmu na jini a warwatse suke, wasu a Kano, wasu a Yola, wasu a Ngaundare ko Yawunde ko Duwala, saboda haka abin da dangi suke yi muku a can, unguwa ce take yi mana shi a nan. Mutumin da ya shekara hamsin ana kiransa shaidar ɗaurin aure a unguwarsa, idan kuka kai shi gidan da ba wanda ya san shi a layin, kun ba shi ɗaki mai kyau, amma kun raba shi da dalilin sa babbar riga da safe.

Akwai kuma abubuwan fita. Tsofaffin ma'aikata da yawa masoya Coton Sport ne, ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta garin nan da ta kai wasan ƙarshe na zakarun Afirka a 2008 ta sha kashi a hannun Al Ahly ta Masar, kuma filin Rumde Ajiya da take wasa a ciki kun san shi, domin a nan Najeriya ta doke Masar da ci 1 da nema a gasar cin kofin Afirka a Janairun 2022, a nan kuma Tunisiya ta fitar da ita. Wasu suna zuwa kasuwar Pitowa ranar Lahadi ko da ba su da abin saye, wasu su kai jikoki gidan namun daji ko bakin gada kallon dorina, da Sallah kuma a je ƙofar fada kallon hawa. Masu sauran ƙarfi gona suke komawa, su yi gyaɗa da masara da damina, ko su turke raguna don Layya, kuma mafi yawansu za su ce maka ba don riba suke yi ba, don kada jiki ya mutu ne.

Tsofaffin mata ba su da majalisar bakin titi, amma ba su zauna haka nan ba. Makarantun Islamiyya na matan aure sun karɓi da yawa daga cikinsu, har da waɗanda sai da furfura suka fara haɗa baƙi. Su ne iyayen biki da suna, su ne masu wankan jego, su ne uwayen adashi, kuma da wuya ka shiga gidan da tsohuwa ba ta da 'yar sana'arta ta man gyaɗa ko ƙuli-ƙuli ko daddawa.

Inda tsarinmu yake da rauni shi ne ranar da ciwo ya kwantar da mutum. Kai tsoho gidan gajiyayyu abin kunya ne a wurinmu kamar yadda yake a wurinku, saboda haka jinya a gida ake yinta, kuma kusan kullum a kan mace ɗaya take faɗawa: mata, ko 'ya, ko matar ɗa. Ita ce mai juya shi, mai wanki, mai dama kunu, mai kwana ido biyu, kuma sana'arta ce take fara tsayawa. Masu zuwa dubiya su cika zaure, su yi addu'a, su ajiye ɗan abin da ya sawwaƙa, amma da wuya ka ji wanda ya ce mata ta je ta kwanta shi zai zauna. Idan aka kwantar da shi a asibiti ma aikin bai ragu ba, domin ciyarwa da wanka da sayo magani duk na mai jinya ne, ga shi kuma takardar likita da Faransanci take, bayanin ma'aikatan jinya sau da yawa da Fulatanci, saboda haka dole a sami wanda yake jin duka biyun a kusa.

Abin da hukuma ta tanada bai taka kara ya karya ba, amma akwai shi, kuma rashin sani yana sa a bar shi. Ɗan fanshon CNPS da likita ya tabbatar cewa ba ya iya hidimar kansa sai da wani, doka ta ba shi ƙarin kashi 40 cikin 100 a kan fanshonsa, kuma wannan ƙari saboda mai kula da shi aka yi shi. Ma'aikatar jin daɗin jama'a tana da sashen da yake kula da tsofaffi da naƙasassu, tana da cibiyoyi a gundumomi inda ake kai koke, kuma kowace 1 ga Oktoba ana taron ranar tsofaffi, ko da yake taron yini ɗaya ba ya sauke wa kowa nauyi. Shirin lafiya na bai-ɗaya da aka ƙaddamar a Afrilun 2023 ya fara ne da yara 'yan ƙasa da shekara 5 da mata masu ciki da masu tarin fuka da masu cutar ƙanjamau, ya kuma mayar da wankin ƙoda sefa 15,000 a shekara, wanda babban sauƙi ne ga masu wannan larura, tunda ana yin wankin a nan Garwa. Amma hawan jini da ciwon suga da shanyewar ɓarin jiki, waɗanda su ne suke kwantar da yawancin tsofaffinmu, ba su shiga matakin farko ba, maganinsu daga aljihu yake fita wata bayan wata. Wannan giɓi da adashi da zakka da asusun masallaci da abin da 'ya'ya suke turowa ta Orange Money ko MTN ake cike shi.

Saboda haka shawarata, muddin kawunka yana iya takawa zuwa masallaci da majalisarsa, ku bar shi inda yake, ku mayar da hankali ga matarsa. Idan za ku aiko da kuɗi, ku tuna cewa naira tana raguwa kafin ta zama sefa, saboda haka ya fi kyau ku ɗauki abu ɗaya takamaimai, kamar maganin kowane wata ko ladan yarinyar da za ta riƙa taya ta wanki da girki, ku tsaya a kansa ba fashi, maimakon aike mai yawa sau ɗaya da Sallah. Wanda ya fi kuɗin ma shi ne mutum. Ku duba cikin ƙannen mahaifiyarka ko yayyenka mata wadda za ta iya zuwa ta Yola ta yi wata guda a gidan, ta karɓi kwanan dare, uwargidan ta samu ta yi barci, ta je nata asibitin, ta leƙa danginta. Idan so samu ne a daidaita zuwan da Maris ko Afrilu, domin a wannan zafi ne masu hawan jini suke fi galabaita, kuma a lokacin ne ake buƙatar wanda zai riƙa tashi cikin dare yana ba tsoho ruwa. Ka gaishe mini da mahaifiyarka, ka ce mata ina jiran amsarta a kan wadda za a turo.